Amsar Tambaya: Ɗora Inji Kan Ƙarfen Gyara

Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar kwance sarƙar da inji ke rataye a jikinta. Fara tsiyaye baƙin mai da ruwa, ka cire giyabos, kuloci da filawil. Tun inji yana rataye za ka ɗaura masa farantin ƙarfen ta baya, a ramukan da giyabos ya bari, hannuwan farantin huɗu a sassauce. Maganar ƙusoshi kuwa, ka saurare ni da kyau: duba kansu, ka ga 8.8 ko 10.9, kuma su nutse sosai, ba zare biyu ba. Na taɓa ganin tsohuwar ƙusa ta karye, inji ya danne ƙafar yaron gareji, har yau abin yana raina. Daidaita nauyin, ka ɗaure hannuwan, ka zura farantin cikin ƙarfen, ka sa fil, sannan ka sassauta sarƙar kaɗan-kaɗan, idonka na kan ƙarfen ko zai sunkuya.