Robar Kare Haƙora Da Ake Talla A Waya: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Kwana Da Ita

Masu bibiyar TikTok da Facebook kan ci karo da tallar wata roba da ake cusawa a baki kafin kwanciya, domin masu cizon haƙora cikin barci. Matashi a Kaugama zai iya yin oda ta waya, a saƙo masa a mota daga Kano. Robar tana hana haƙoran sama da na ƙasa goge juna, sai dai idan baki ya bushe, tana iya taimaka wa ruɓewar haƙori.

Aikin miyau

Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin baki suna cin sukari, su fitar da sinadari mai tsami. Da zarar ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5, farin ɓawon haƙori zai fara zaizayewa. Miyau ne ke wanke wannan tsami, ya mayar wa haƙori sinadaran kalsiyam da fosfet. Amma cikin barci miyau yana raguwa sosai. Idan mutum ya sha shayi mai sukari ko lemon kwalba yana latsa waya, sannan ya ɗora roba ba tare da goge baki ba, to ya rufe sukari da ƙwayoyin cuta a jikin haƙora har asuba.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna kusan mutum biliyan 2 na fama da ruɓewar haƙoran girma da ba a yi wa magani ba.

Abin da ke ƙara busar da baki

A yankin Haɗeja, hunturu kan toshe hanci da ƙura, mutum ya kwana yana numfashi ta baki. Maganin mura irin su Piriton, da sigari da shisha, duk suna busar da baki. Goro da lemon ƙara kuzari kuwa suna ɗauke da kafin, wanda kan tsananta cizon haƙora.

Matakan kariya

1. A tabbatar da matsalar tukuna. A kunna manhajar naɗar murya, a ajiye wayar kusa da matashi. Idan ana cizon haƙora, sau da yawa za a ji ƙarar da safe.

2. A goge baki na minti 2 da man goge baki mai fuloraid 1,000 zuwa 1,500 ppm. Adadin yana rubuce a jikin kwali. A tofar, kada a kuskure da ruwa.

3. Bayan gogewa, ban da cin komai; ruwa kawai za a sha.

4. Da safe a wanke robar da ruwan sanyi da buroshi, a bar ta ta bushe kafin a mayar cikin akwatinta. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta.

Robar da likitan haƙori ya auna da bakin mutum ta fi ta kasuwa zama daidai. Wanda yake tashi da ciwon muƙamuƙi, ko haƙorinsa ke tsami idan ya sha ruwan sanyi, ya fara zuwa Babban Asibitin Haɗeja, ko sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kafin ya tura kuɗi ga mai talla.