Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kuɗin Gyaran Firamare Suke Maƙalewa?

Tambaya: Wata uwa daga Gusau ta ce ɗanta yana aji uku a firamaren gwamnati, a ƙasa yake zama, rufin ajin ma iska ta yaye shi tun damina. Ga shi kuma tana ji a rediyo wai biliyoyin naira na makarantu suna ajiye a Abuja. Shin Gwamnatin Tarayya ce ta hana jihohi?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, 'yar'uwa. Gaskiya ne akan samu kuɗin a ajiye, amma ba hanawa aka yi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga UBEC, hukumar da ke tallafa wa karatun shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Rabin wannan kaso da sharaɗi ake bayar da shi: sai jiha ta fara ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. Ta kawo naira, a ɗora mata naira. Da kuɗin nan ake gina ajujuwa, a buga bencina, a yi banɗakuna. In gwamna bai kawo nasa ba, rabon jiharsa yana nan zaune, yara kuma suna kan daɓe. Albashin malaman firamare kuwa hanyarsa daban, daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rabon. Jihohi 36 da Abuja, kowacce daidai wa daida ake ba ta. A ƙidayar 2006 Kano tana da mutum fiye da miliyan 9, Bayelsa ba ta kai miliyan 2 ba, amma kasonsu ɗaya. Kamar a ce an auna wa mai 'ya'ya goma da mai 'ya'ya biyu mudun hatsi iri ɗaya. A ganina ba a yi wa yaron da ke jiha mai yawan jama'a adalci ba. Akwai wani ɗan kaso da aka keɓe don rage wannan giɓi, sai dai bai taka kara ya karya ba.

Shawarata, ku iyaye ku haɗu da hedimasta da kwamitin kula da makarantar, ku rubuta wa SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiharku. Ku kuma tambayi ɗan majalisarku na jiha ko an biya kason bana, da sunayen makarantun da aka sa a cikin aikin.