HUKUNCIN ƊAUKAR KAREN DA AKA CETO, DA HAƘƘINSA A KAN MAI RIƘONSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala da ta kan taso wa 'yan'uwanmu Musulmi mazauna Ingila da Amurka, ɗalibai da ma'aikata, wadda kuma in an duba da kyau mu ma a nan gida ba ta ƙyale mu ba. Mas'alar ita ce: shin ya halatta Musulmi ya karɓi karen da aka ceto daga wahala ya riƙe shi, musamman kare mai ƙarfi da kuzari wanda ba ya iya zama wuri ɗaya? In kuwa ya karɓa, me ya hau kansa?

Bari mu fara da bayyana yadda abin ya ke a can. A waɗancan ƙasashe akwai ƙungiyoyi masu tattara karnukan da aka yasar a titi, ko aka ƙwato daga hannun masu azabtar da su. Ƙungiyar RSPCA ta Ingila an kafa ta a Landan cikin 1824, gidan karnuka na Battersea kuwa wata mata ce mai suna Mary Tealby ta buɗe shi cikin 1860, sa'an nan Amurka ta kafa tata ƙungiyar a New York cikin 1866. To, ba kowane kare ke jure zaman keji a irin waɗannan gidaje ba. Saboda haka sai su ba wani iyali riƙonsa na 'yan makonni ko watanni, su yi jiyyarsa, su lura da halinsa, har a sami wanda zai ɗauke shi dindindin. Mai son ɗauka kuwa sai an yi masa tambayoyi, wani lokaci a je a ga gidansa, ya biya wani kuɗi, kana a miƙa masa. Sau da yawa karen da a kan mayar bayan an ɗauka shi ne mai kuzarin nan, domin mutum ya gan shi kyakkyawa ya yi sha'awa, bai auna ɗawainiyarsa ba.

Tambaya ta farko da mutane kan yi ita ce ta najasa. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, wadda kuma ita ce mafi yawan mutanen ƙasarmu ke bi, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da miyansa, kare ma yana ciki. Hujjarsu ita ce, a aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida Allah Ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali da baki ya ke kamawa, ba a kuwa yi umurni da wanke wurin ba. Har ila yau Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, karnuka kan ratsa cikin masallaci ba a kuwa yayyafa ruwa saboda haka. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki, Malikawa sun ɗauke shi a kan ta'abbudi, watau bin umurni ba don najasa ba. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad kuwa sun tafi a kan cewa najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Hanafawa sun tsaya tsakiya, suka ce miyan ne najasa ban da jikin. Wanda ke zaune cikin jama'a masu bin wata mazhaba, ya kamata ya san wannan saɓani, don kada ya ɓata wa wani sallarsa a bisa abin da shi ya ke gani ba komi.

Amma tsarkin kare daban, halaccin ajiye shi daban. Ya tabbata cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ba, ana rage masa lada kowace rana, a wata riwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu, riwayar Abu Huraira kuma ta ƙara da tsaron gona. A kan wannan Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya gina maganarsa cikin Risala, littafin da kusan kowane ɗalibin zaure ya karanta, inda ya hana ajiye kare a gidaje sai don waɗannan bukatu, ya kuma sharɗanta farautar ta zama ta neman abinci, ba ta wasa ba. Duk da haka masu sharhin Risala sun ba da labarin cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Malamin nan na Andalus, Ibn Abdil Barri, ya bayyana cewa ana yi wa abubuwan nan uku ƙiyasi da duk wata bukata ta gaskiya ta jawo amfani ko kauda cuta. Ta nan malaman zamani suka shigar da karen gadi, da karen 'yan sanda, da wanda ke yi wa makaho jagora. Hadisin da ya nuna mala'iku ba su shiga ɗakin da kare ke ciki kuwa, shi ya sa a ke ware masa wurinsa a tsakar gida ko bayan ɗaki, kada ya zama abokin kwana.

To, a nan ne maganar kuzari ta shigo, ita ce kuwa zuciyar darasin. Duk karen da shari'a ta yarda a ajiye, kare ne mai aikin yi. Kuzarin nan da mutane ke kuka da shi, shi ne jarin da Allah Ya ba shi don wannan aiki. Ku dubi karen kiwon tumaki na kan iyakar Ingila da Sukotlan. An yi ƙarnoni ana zaɓen irinsa don ya yini yana kewaya garke a kan duwatsu, masana kuwa sun ce in ba ya kiwo yana bukatar kamar awa biyu na gudu da motsa jiki kowace rana. Ko kuwa ku dubi siririn karen nan na Buzaye da a ke kira Azawak, da sunan kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda ke iya bin barewa a guje. Irin waɗannan in aka kulle su a ɗaki daga safe har magariba, sai su yi ta haushi, su yayyage shimfiɗa, su tona ƙasa, daga nan mai gida ya ce kare ba ya jin magana, ya kai masa duka. Laifin wa ke nan? Kowa ya sayi rariya ya san ta zub da ruwa.

Mu tuna da matar nan da Buhari da Muslim suka kawo labarinta, wadda ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba. Abin lura shi ne, muddin dabba tana sake, arzikinta na tsakaninta da Mahaliccinta. Amma ranar da ka sa mata igiya ka rufe ƙofa, ka ɗauki nauyin duk abin da ka hana ta nema da kanta. Ci da sha na ciki, inuwa na ciki, a ganinmu kuwa sararin motsi ma na ciki, domin halitta ce da aka yi ta don gudu. Wannan magana ba ta tsaya ga mazauna Turai ba. A garuruwanmu nawa ne za ka ga karen gadi ɗaure da guntuwar sarƙa a ƙofar gida, cikin ranar bazara, kwanon ruwansa a bushe, wai don yunwa da ɗauri su sa ya yi zafi? Mai yin haka ya sami halaccin ajiyewa, amma ya faɗa cikin zalunci ta wata ƙofa, karen kuma ranar da ya tsinke ɗan maƙwabci zai fara kamawa, ba ɓarawo ba.

Horo ma haƙƙi ne. A ayar nan ta Ma'ida an jingina koyar da karen farauta ga ilmin da Allah Ya sanar da ɗan Adam, cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim kuma an bambanta abin da horarren kare ya kamo da abin da waninsa ya kamo. Horo kuwa sai da haƙuri da maimaici, da saka masa da ɗan abinci in ya yi daidai. Karen da aka ceto galibi ya sha duka a baya, sanda ba ta ƙara masa komi sai tsoro, matsoracin kare kuwa shi ke cizo. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Saboda haka wanda ke da bukata ta gaskiya, yana da fili, yana da lokaci, ba laifi ya karɓi irin wannan kare, muna kuwa fata a haɗa masa da ladan ceto. Sai dai ya zauna da mutanen da suka yi riƙonsa ya tambaye su filla-filla: yaya ya ke da yara, ya taɓa cizo, yana bin kaji da awaki, awa nawa ya ke iya zama shi kaɗai? Su ma wajibi ne su faɗi gaskiya, domin ɓoye aibi algus ne ko da a kyauta. Kuɗin da a ke biya kuwa, ko da ya ke hadisi ya hana kuɗin kare, kuma shi ne mashahurin zance a mazhaba, Sahnunu ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, har ya ce zai iya hajji da kuɗinsa. Balle ma abin da ƙungiyoyin nan ke karɓa, sun bayyana cewa na magani da abincin da aka kashe ne.

Wanda kuwa ke zaune a ɗaki ɗaya a saman bene, ba gona ba garke ba abin tsaro, tausayi kawai ya ja shi, shawararmu ya haƙura. Mutumin nan da aka gafarta masa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba a ce ya tafi da shi gida ba. Yana iya taimakawa da abinci, ko kuɗin magani, ko ya nemo wa karen manomi ko makiyayin da ke bukatarsa.

Saura haƙƙin maƙwabta. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai kula ba, to shi zai biya abin da ya ɓata. Mafi girman haɗari shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare. Yi wa kare allurar rigakafi wurin likitan dabbobi, da maimaita ta a kan lokaci, ya zama tilas ga mai riƙonsa, tun da shari'a ta hana cutarwa. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya jira alamu su bayyana, domin in sun bayyana magani ya yi wuya.

In kuma mutum ya ɗauka, daga baya ya ga ba zai iya ba, ƙungiyoyin nan galibi su kan rubuta cikin yarjejeniya cewa a mayar musu. Sai ya cika wannan alkawari ya mayar, ko ya nemi izininsu ya ba wanda ya amince da shi. Kai shi bayan gari a sauke a gudu bai halatta ba.

Allah ne Mafi sani. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba haƙƙin jaki da raƙumi da shanun huɗa a kan masu aiki da su.