SHARAR GANYE A LOKACIN HUNTURU: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malaman da ke riƙe musu littattafai. An ɗauki Barnawa a matsayin misali, watau unguwar nan da ke kudancin Kogin Kaduna, maƙwabciyar Kakuri da Narayi, gama tana da manyan gidaje masu fili, da makarantu, da ofisoshi, da asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya, kuma ko'ina itatuwa ne. Abin da aka faɗa a kan Barnawa ya shafi kowane gari da aka yi dashen itatuwa a cikinsa.

1. Dalilin zubar ganye

A ƙasar Kaduna ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Afrilu ko Mayu. Itace kuwa ta ganyensa yake fitar da ruwa, ta waɗansu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ƙasa ta bushe, iskar hunturu kuma ta taso, sai itacen ya rage ganyensa don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Saboda haka ne daga Disamba zuwa Maris tsakar gida ba ta rabuwa da ganye, ko da an share ta da safe.

Ba dukan itatuwa ne halinsu ɗaya ba. Kuka da malaina sukan tuɓe sarai. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Lardin Borno a 1928, ta kuma bazu cikin biranen Arewa, takan zubar da ganye mai yawa wajen ƙarshen hunturu, sa'an nan ta yi sabon toho. Mangwaro yana zubarwa kaɗan-kaɗan. Gawo shi kaɗai ya saɓa wa sauran, domin da damina yake zubar da nasa, da rani ya yi kore, shi ya sa manoma ba sa sare shi a gona, gama gero yakan yi kyau a ƙarƙashinsa. A Turai da Amurka sanyi ne ke sa itatuwa zubar da ganye, daga Satumba zuwa Nuwamba, amma wahalar sharar iri ɗaya ce.

2. Hanyoyi biyu da ke jawo hasara

Yawancin mutane idan sun tara ganye, ɗayan abu biyu suke yi: ko su cinna masa wuta, ko su tura shi cikin lambatu. Dukansu biyu ɓarna ce.

Ƙonawa tana da illa uku. Ta fari, gobara. Da hunturu komai a bushe yake, iska kuma tana da ƙarfi, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama zana ko rumfar mai shago. Sau da yawa mai shara yakan kunna wutar da magariba ya shige ɗaki, yana zaton ta mutu, alhali tana ci ta ƙarƙashin toka. Ta biyu, hayaƙi. Iskar hunturu ta riga ta cika da ƙura, idan aka ƙara mata hayaƙi, yara da tsofaffi da masu ciwon asma su ne ke shan wuya. Abin ya fi muni idan akwai leda a cikin sharar, domin hayaƙinta guba ne. Ta uku, hasarar taki. Sinadarin naitirojin, wanda manomi ke sayen buhun yuriya dominsa, yana bin hayaƙi ya tafi, ba abin da zai rage sai 'yar toka wadda iska za ta kwashe.

Zubawa cikin lambatu kuwa illarsa ba ta bayyana sai an yi ruwan fari. Ganye da leda da yashi sukan haɗu su toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya, ya koma cikin gidaje, ya jiƙa gindin katanga. Wanda ya rage ya kwanta, sauro ya yi ƙwai a ciki, kuma a lokacin zafi ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Mutanen da ke zaune kusa da Kogin Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 ba, da ta 2012. Gaskiya ce ba ganye ne ke cika kogi ba, ruwan da ke gangarowa tun daga tsaunukan Jos ne. Amma unguwar da lambatunta ya toshe takan sha ruwa ko a shekarar da kogi bai yi ambaliya ba, idan kuwa ya yi, ita ce ta ƙarshe da ruwa zai janye daga cikinta.

Barin ganye a jibge a gindin bango shi ma ba dabara ba ce, domin nan kunama da maciji da ɓera suke samun maɓoya.

3. Injin zuƙe ganye

A 'yan shekarun nan an fara ganin wani inji a hannun masu kula da manyan gidaje da otal-otal. Yana da dogon bututu, da farfela mai juyawa da sauri a cikinsa, da jaka wadda ake ratayawa a kafaɗa. Farfelar tana jawo iska ta bututun, iskar ta taho da ganye, farfelar ta daddatse shi, ya faɗa cikin jaka. Yawancinsu ana iya juya su su yi huri maimakon zuƙa, a tara ganyen wuri ɗaya tukuna. Akwai mai aiki da fetur, akwai na lantarki mai waya, akwai na batir. Asalinsa injin feshin magani ne na gona, wanda kamfanonin Japan suka mayar na hura ganye wajen shekarun 1970.

Amfaninsa biyu ne. Yana da sauri a kan ciyawar da aka yanke, da daɓen siminti, da tsakanin furanni inda tsintsiya ba ta shiga. Sa'an nan yana niƙa ganyen, har masu ƙera shi sukan ce buhu 10 yana komawa buhu 1. Niƙaƙƙen ganye kuwa ya fi saurin ruɓewa, wannan shi ne babban alherinsa ga mai son taki.

Amma kafin a fitar da kuɗin jama'a a saye shi, ya kamata hakimi ya auna waɗannan abubuwa:

(a) An ƙera shi ne domin filin ciyawa. Tsakar gidan Hausa kuwa yawanci ƙasa ce da yashi. A irin wannan wuri yakan zuƙi tsakuwa ta cinye farfela, ya kuma tayar da ƙura fiye da tsintsiya.

(b) Ba ya iya jiƙaƙƙen ganye, ƙwallon mangwaro da leda kuma suna toshe shi.

(c) Yana da ƙara. Masana sun nuna cewa ƙarar da ta wuce desibel 85, idan mutum ya yini cikinta kullum, tana rage ji. Mai aiki da fetur yakan wuce desibel 90 a kunnen mai riƙe da shi. Bai dace a kunna shi kusa da ɗakin marasa lafiya ba, ko lokacin karatu, ko lokacin ibada a masallaci da coci.

(d) Yana cin kuɗi. Fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023, kuma yawancin masu aiki da fetur sai an gauraya musu shi da baƙin mai bisa ƙa'idar da aka rubuta a takardarsu, in ba haka ba injin ya ƙone. Na lantarki sai da wuta. Kayan gyara ma ba a kowace kasuwa ake samu ba.

A ƙasar da aka fi amfani da shi ma an fara taka masa birki. Birnin Washington na Amurka ya hana aiki da mai amfani da fetur tun daga Janairu 2022, Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2021 domin daina sayar da sababbin ƙananan injuna irinsa masu fetur, saboda ƙara da hayaƙi.

Wanda aka ba aiki da shi lalle ya rufe hanci da baki, ya sa tabarau da abin toshe kunne da takalmi rufaffe, ya kori yara daga wurin, kada kuma ya sa hannu cikin bututu sai ya kashe injin.

Taƙaitawa ita ce, babbar makaranta ko ofis mai filin ciyawa za su iya amfana da shi. Gidan talaka kuwa, tsintsiya da manjagara da kwando da baro sun wadatar. A yayyafa ruwa kaɗan kafin shara don ƙura ta kwanta. Ko da inji aka share ko da tsintsiya, tambayar ɗaya ce: ina za a kai ganyen?

4. Yadda ake mayar da ganye taki

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, manoman kewayen Kano suke shiga birni da jakuna su ɗebo shara da toka da kashin dabbobi a mangala su kai gona, da haka ne suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. A ƙasar Indiya kuma wani masanin aikin gona Bature, Albert Howard, ya tsara hanyar yin taki a rami a garin Indore, ya bayyana ta a littafi a 1931. Ga yadda za a yi a gida:

Na 1. A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya, ba a jikin bango ba saboda gara. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 3, faɗi ƙafa 4, tsawo gwargwadon yawan ganye. In da hali a haƙa biyu kusa da juna.

Na 2. A tsince leda da kwalba da gwangwani da batir. Kada a sa mushe, ko kashin kare, ko bayan gidan mutum.

Na 3. A shimfiɗa ganye kaurin taƙi ɗaya. A bi shi da kashin shanu ko na awaki ko na kaji kaurin yatsu 3. A barbaɗa toka kaɗan da ƙasa. A yayyafa ruwa. A yi ta maimaitawa har rami ya cika. Busasshen ganye shi kaɗai yana daɗewa bai ruɓe ba, kashin dabbobi ne ke ciyar da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi. Ɓawon doya da ragowar kayan miya duk suna shiga. Ganyen itacen turare da na mangwaro suna da tauri, a gauraya su da waɗansu.

Na 4. A rufe da tsohuwar zana ko buhu. A soka sanda a tsakiya.

Na 5. Bayan kwana 4 ko 5 a zaro sandar a taɓa. In da zafi, aiki ya kama, zafin nan kuwa yakan kai digiri 60, ya kashe irin ciyawa. In sandar ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa. In tana wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Ma'auni shi ne a damƙi takin a hannu, ya dunƙule amma kada ruwa ya tsiyaye.

Na 6. Bayan mako 3 a juya shi da shebur zuwa rami na biyu, na sama ya koma ƙasa. A sake juyawa bayan wani mako 3.

Cikin wata 3 zuwa 4 zai zama baƙi, mai laushi, mai ƙanshin ƙasar damina. Wanda ya cika raminsa a Janairu zai kwashe taki a Mayu, daidai lokacin shuka. A kwashe kafin ruwa ya yi ƙarfi, gama rami yakan cika da ruwa da damina. Wannan taki ba ya hana a sa takin zamani, amma yana sa ƙasa ta riƙe laima, abin da takin zamani ba ya yi.

Wanda ba shi da ruwa ko dabbobi, sai ya baza ganyen a ƙarƙashin itatuwansa, ya bar taƙi ɗaya tsakaninsa da gindin itacen. Wanda ba shi da fili, ya ɗura a buhu ya ba masu lambu na bakin kogi ko masu renon furanni na gefen titi.

5. Abin da ake bukata daga hakimi da malaminsa

A zamanin En'e duba-gari ne ke bi gida-gida. A 1985 gwamnatin soja ta sa tsabtace gari cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, daga nan aka saba da sharar ranar Asabar ta ƙarshen wata. Dukansu sun nuna abu ɗaya: mutane sukan yi shara idan an tsaya a kansu, amma in ba a nuna musu inda za su kai ta ba, sai ta koma lambatu ko wuta. A nan ne maganar hakimi ta fi ta kowa tasiri.

Ya kamata a farkon Disamba hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da shugabannin makarantu da na kasuwa, ya bayyana musu wannan darasi. Ya fara haƙa rami a gidansa, gama abin da talakawa suka gani a ƙofar hakimi shi suke kwaikwayo. Kowace makarantar firamare ta yi nata, yara su koya. Kafin ƙarshen Maris a yi aikin gayya a yashe lambatu, abin da aka yaso kuma a kwashe shi ran nan, kada a bar shi a baki ya koma ciki. Inda aikin ya fi ƙarfin unguwa, kamar babban kwalbati da ya cushe, a rubuta wa Ƙaramar Hukuma da hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, watau KEPA, tun da sauran lokaci.

Malami kuma ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta sunan kowace unguwa, da yawan ramukan taki, da kwalbatocin da suka toshe da ranar da aka yashe su, da kowace gobara da abin da ya haddasa ta. Idan aka riƙa gwada lissafin bana da na bara, hakimi zai san unguwar da ta ji magana da wadda ke bukatar a koma mata. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa itatuwa ke zubar da ganye da hunturu, kuma wane itace ne ya saɓa?
2. A kawo illa uku na ƙona ganye.
3. A wane irin fili injin zuƙe ganye yake da amfani, a wane iri kuma ba shi da shi?
4. Yaya ake gane ramin taki yana bukatar ruwa?
5. Waɗanne abubuwa huɗu ne malami zai rubuta a littafinsa?