Babi na Bakwai: Polly Hill da Dabarun Binciken Jama'a a Ƙasar Hausa

7.0 Gabatarwa

Kowane ɗalibi mai neman shaidar malanta sai ya gabatar da kundin bincike kafin ya kammala karatu. Ɗalibai da dama kan buga takardar tambayoyi, su raba, su ƙirga amsoshi, su ce ra'ayin jama'a ke nan. Wannan babi zai nuna cewa ingancin alƙaluman bincike ya rataya ne a kan abu biyu: wanda aka tambaya, da kalmar da aka tambaye shi da ita. Za a kafa hujja da aikin wata masaniya da ta yi bincike a karkarar Katsina da Kano.

7.1 Samfuri

Binciken ra'ayin jama'a shi ne tambayar wani ɓangare na al'umma domin a gane matsayin sauran. Wannan ɓangare shi ake kira samfuri. Mai sayen gero ba ya zazzage buhu, kaɗan yake ɗiba ya duba. Amma idan a bakin buhu kawai ya tsaya, mai algus zai cuce shi.

Haka ta faru a zaɓen Amurka na 1936. Mujallar Literary Digest ta sami amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai ci. George Gallup ya tambayi mutane ƙalilan idan an kwatanta, ya ce Roosevelt ne, kuma shi ya ci. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa daga jerin masu tarho da masu mota, wato masu hali, sai muryar talakawa ta yi ƙaranci. Ashe yawan samfuri ba ya maye gurbin kyawun zaɓensa.

7.2 Rayuwar Polly Hill

An haifi Polly Hill a Ingila a 1914, ta karanci tattalin arziki a Jami'ar Kembirij. Ta yi aikin gwamnati da na jarida, sannan ta koma Gana a 1954, inda ta yi nazarin manoman koko, ta fitar da littafi a kansu a 1963. A 1967 ta yi bincike a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, wanda ya haifar da littafinta Rural Hausa a 1972. Daga nan ta yi wani a Ɗorayi, gefen birnin Kano, ya fito a 1977. Ta rasu a 2005.

7.3 Dabarunta

Abu uku suka bambanta aikinta. Na farko, ta ɗauki gandu da sauran rukunonin noma a matsayin ma'auni, domin gida ɗaya kan ƙunshi tukunya fiye da ɗaya. Na biyu, ba ta tambayi manomi yawan dukiyarsa kai tsaye ba. Ta nemi mutanen gari da suka san juna su kasa manoma gida huɗu, gwargwadon ƙarfinsu na jure rashin kyawun damina. Da haka ta nuna cewa talakawan karkara ba ɗaya suke ba: akwai mai sayar da hatsi a lokacin tsada, akwai mai cinye nasa ya koma ƙwadago. Na uku, ta fito da cinikin da matan kulle ke yi a cikin gida ta hannun yara masu talla, wanda mai tsayawa a kasuwa ko a zaure ba zai gani ba.

Wani abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, ta rufe Rural Hausa da dogon sharhi a kan kalmomi, irin su gandu da gayauna da ƙwadago. A littafinta na 1986 kuma ta soki masana masu dogaro da alƙaluman hukuma ba tare da sanin yadda aka tara su ba.

7.4 Matsalar Fassara

Cibiyar Afrobarometer, wadda aka kafa a 1999, tana jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Nijar. Takan fassara tambayoyinta zuwa harsunan gida, ciki har da Hausa, ta kuma daidaita yawan maza da mata. A nan ne aikin masanin harshe yake. Hanyar da aka saba ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani dabam ya mayar da fassarar harshen asali, a kwatanta, a gyara inda ma'ana ta kauce.

7.5 Misali daga Fagam

A ɗauka ɗalibi zai binciki ra'ayin iyaye a Fagam ta ƙaramar hukumar Gwaram game da karatun 'ya'ya mata. Ga abubuwan da zai kiyaye:

i. Idan a ƙofar fada ko a majalisar dattawa kawai ya tsaya, ya maimaita kuskuren 1936. Sai ya haɗa da unguwanni da rugage, ya kuma nemi mace ta shiga wurin mata.

ii. Idan aka ce wa matar aure "Kina aiki?" za ta iya cewa a'a, alhali tana ƙuli-ƙuli. "Wace sana'a kike yi?" ita ce tambayar.

iii. Kunya kan hana uwa ambaton ɗan fari, wasu kuma ba sa son ƙirga 'ya'ya.

iv. "Ba laifi" da "Alhamdu lillahi" sau da yawa ladabi ne, ba amincewa ba.

v. "Ai kai ma ka yarda boko na da amfani, ko?" tambaya ce mai jan amsa, ba ta auna komai.

7.6 Kammalawa

Kuskure a nan ba ya tsayawa a kundi. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara inda za a gina aji da inda za a tura malamai. Wanda ba a tambaya ba, ko aka tambaye shi da baƙuwar kalma, an rubuta shi a matsayin babu.

Auna Fahimta

1. Mene ne samfuri? Bayyana darasin zaɓen 1936.
2. Kawo dabaru uku na Polly Hill a Batagarawa.
3. Tsara tambayoyi biyar marasa jan amsa da za a yi wa iyaye a garinku.