Me Ya Sa Ruwan Gishiri Ya Fi Saurin Kashe Waya?

Duk wanda ya taso a cikin birnin Kano ya san wasu rijiyoyin unguwa ruwansu na da zartsi. Idan waya ta faɗa irin wannan ruwa, ta fi shiga haɗari fiye da wadda ta faɗa ruwa mai tsabta. Dalilin yana cikin abin da ya narke a ruwan.

Tataccen ruwa zalla kusan ba ya ɗaukar wutar lantarki. Kafin wuta ta ratsa ruwa, sai an samu ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke iya yawo a cikinsa. Su ake kira ayon, sunan da masanin Ingila Michael Faraday ya fito da shi a 1834.

Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kulorin. Da zarar ya shiga ruwa sai ya rabu biyu: ayon ɗin sodiyam mai caji na +, da na kulorin mai caji na −. Idan aka tsoma wayoyi biyu daga batir, kowane ayon zai nufi ɓangaren da ya saɓa wa cajinsa. Wannan zirga-zirgar ita ce wutar da ke bi ta cikin ruwa. Masanin Suwidin Svante Arrhenius ne ya yi bayanin wannan rabuwar a 1884, kuma ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1903.

Kanwar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi ma haka take yi. Haka nan ruwan tokar da marina ke haɗawa da baba a karofin Ƙofar Mata cike yake da ayon.

Sukari kuwa daban ne. Yana narkewa sarai, amma ƙwayoyinsa suna nan dunƙule, ba su rabuwa, ba su da caji. Ruwan lemon tsami yana tsakani, domin kaɗan ne daga cikin tsaminsa ke rabuwa zuwa ayon.

Ana iya gwada wannan da batir mai bolt 9, ƙaramin ƙwan LED da kofi biyu na tataccen ruwa. A kofin gishiri ƙwan zai haska sosai, a na sukari kuwa da ƙyar. Kada a kuskura a yi gwajin da wutar soket.

A cikin waya, layukan da ke kan allon injin sun matsu da juna ƙwarai. Ruwa mai ayon yana haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, sannan ƙarfe ya fara cinyewa. Ko ruwan ya bushe, gishirin yana nan, kuma zai ja laima ya ci gaba da ɓarna. Alamar IP68 ma da ruwan daɗi ake gwajinta, ba na gishiri ba.

Don haka wanda wayarsa ta jiƙe ya kashe ta nan take, kada ya jona ta a caji. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire gishiri. Ya hanzarta kai ta wurin mai gyara, kamar waɗanda ke Farm Centre, a buɗe ta a wanke allon kafin tsatsa ta kama.