Hawan Jini: Kada Jin Sauƙi Ya Sa Ka Ajiye Magani

Cikin duk maganganun da nake ji daga bakin masu hawan jini, babu wadda ke tayar min da hankali kamar wannan: “Likita, ai na ji sauƙi, shi ya sa na dakata da maganin.” Mai faɗin haka ba taurin kai yake yi ba. Abin da ya sani game da ciwo ke nan tun yana yaro: zazzaɓi ya kama ka, ka sha magani kwana uku, jiki ya yi sanyi, shi ke nan an rabu. To hawan jini ba ya bin wannan tsari, kuma rashin sanin haka ya kwantar da magidanta da iyaye mata masu yawa waɗanda da yanzu suna kan ƙafafunsu.

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi dare da rana da wani ƙarfi. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke samun tiyo idan aka bar injin ban-ruwa a kan ƙarfin da ya wuce kima: ba ranar farko zai fashe ba, amma yana nan yana cin jiki har ranar da zai tsage a inda ya fi rauni. A jikin mutum, wuraren nan su ne ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido, sai kuma ita zuciyar kanta, wadda ke yin kauri tana gajiya saboda aikin da ya fi ƙarfinta. Wannan ɓarna tana ɗaukar shekaru ba tare da wani zafi ba. Mutum na zuwa kasuwa, yana samun jam'i sau biyar, yana cin tuwonsa da daɗi, alhali ƙodarsa na lalacewa. Wasu kan ce min, “Ni ina ganewa idan jinina ya hau, ƙeyata ce ke sarawa.” Kada ka dogara da wannan. Akan auna mutum a tarar da jininsa ya kai 190 yana zaune yana raha, akan kuma auna mai matsanancin ciwon kai a tarar da jininsa lafiya lau.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya ishe su. Ba ciwon masu kuɗi ba ne kamar yadda ake cewa a da. Yana jikin manomi da ɗan dako da mai tallan ƙosai. Ba kuma tunani kaɗai ke kawo shi ba. Damuwa tana ɗaga jini, gaskiya ne, amma gado, da shekaru, da yawan gishiri, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da ciwon ƙoda su ne manyan dalilai.

Hanya ɗaya ce ta sanin halin da kake ciki: awo. Na'urar tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai ga baligi. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a rana biyu daban-daban, to hawan jini ne. Sai dai yadda ake awon a wurare da dama yana ɓata sakamakon. Mutum ya sauko daga babur cikin tsakar rana, goro a bakinsa, fitsari ya matse shi, a naɗa masa abin awo a kan hannun babbar riga yana ta gaisawa da jama'a, sannan a ce jininsa ya hau. Ba haka ake yi ba. Ka guji goro da taba da kofi na rabin awa kafin awo, ka kama ruwa, ka zauna shiru minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafunka a ƙasa ba a harɗe ba, damtsenka tsirara a kan tebur daidai da ƙirji. A auna sau biyu, ka rubuta lambobin da kwanan wata a wani ɗan littafi da za ka riƙa zuwa da shi asibiti. Wanda ya wuce shekara 40, ko wanda iyayensa ke da ciwon, ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara ko da yana jin kansa garau.

Idan likita ya ɗora ka a kan magani, ka san cewa maganin riƙe jinin yake yi, ba ya cire ciwon daga jiki. Ranar da aka auna ka aka ce jininka ya dawo 125 bisa 80, shaida ce cewa maganin yana aiki, ba sallama aka yi maka ba. Ka ajiye shi, cikin 'yan kwanaki jinin zai koma inda yake, kai kuwa ba za ka ji komai ba. Ga mafi yawan mutane shan maganin na tsawon rai ne, kuma na fi son in faɗi wannan ƙarara tun ranar farko da in bar mutum yana jiran ranar da za a ce ya warke.

Na san abubuwan da ke sa mutane gudu. Wani yana tsoron jikinsa ya saba da magani. Babu wani sabo irin na kayan maye a waɗannan ƙwayoyi. Wani ya ji an ce maganin asibiti na kashe ƙoda. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ke kai mutane layin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuɗin da ke cinye gida da gona. Akwai kuma abin da maza ba sa iya faɗi sai an rufe ƙofa: raunin gaba. Wasu magunguna, musamman irin su atenolol da masu sa fitsari, suna iya jawo hakan ga wasu, amma shi kansa hawan jinin yana lalata jijiyoyin wurin. Ka gaya wa likita a canza maka, kada ka yi shiru ka koma wajen masu maganin ƙarfin maza na tasha, waɗanda ba ka san abin da suka haɗa ba. Haka nan amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan sa busasshen tari. Duk suna da madadi.

Idan aka ba ka kala biyu, kada ka ɗauka ciwonka ya yi tsanani ne. Yawancin masu hawan jini suna buƙatar fiye da ɗaya. Wani bincike mai suna CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙaƙen fata. Maganin ba na musamman ba ne, ana samunsa ko'ina. Idan kuɗi ne ya gaza, ka faɗa ba kunya, domin akwai masu araha da ke aiki daidai da masu tsada, muddin daga kantin magani mai rajista suka fito. Abin da ba na so shi ne raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko aron maganin maƙwabci. Lokacin azumi kuma ba a ajiye magani; a je wa likita tun cikin Sha'aban ya mayar da lokacin shan zuwa sahur ko shan ruwa, musamman ga mai shan mai sa fitsari a watannin zafi.

Sai maganar madafa, inda iyaye mata ke da iko fiye da kowane likita. Abin da ake so shi ne gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Mu duba tukunyar miyar kuka ta gida ɗaya: an murƙushe dunƙule huɗu ko biyar, an barbaɗa gishiri, an jefa kanwa, sannan a kan tabarma ga yaji wanda shi ma da dunƙule aka daka shi. Kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, ita kanwa kuma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ke ɗaga jini a cikin gishirin. Ƙara da tsire da kilishi da taliyar leda da garin ɗanɗanonta. Shawarata, uwargida, kada ki ware wa Malam tukunya lami shi kaɗai. Zai ci kwana biyu ya koma sayen na waje. Ki rage wa gidan duka, kaɗan-kaɗan: dunƙule biyar ya koma huɗu a wannan mako, uku bayan mako biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta za su riƙe miki ɗanɗanon. Ki yawaita zogale da rama da alayyafo da wake. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar a mako, tana taimakawa, kuma matan da ba sa fita za su iya yin ta a tsakar gida. Zoɓo mara sukari yana ɗan sauke jini, ban hana ba, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Akwai kuma abin da ake saye a kemis don ciwon jiki bayan wahalar yini. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna ɗaga jini, suna cutar da ƙoda idan aka mayar da su abin sha kullum. Haka ƙwayoyin sa ƙiba irin su dexamethasone da wasu 'yan mata ke sha. Mai hawan jini ya tsaya a farasitamol sai in likita ya ce wani abu.

Mai ciki tana da nata hukunci. Daga wata na biyar jini na iya hawa ko ga wadda ba ta taɓa yin ciwon ba, shi ya sa awon ciki ba abin wasa ba ne. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki: a tafi asibiti a ranar, kafin ta kai ga jijjiga. Mace mai shan lisinopril da ke son ɗaukar ciki ta faɗa tun da wuri a canza mata, domin yana cutar da ɗan tayi. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta shi da kunun kanwa da yawan zafin jego. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma mai jegon da jininta ya hau ta nisanci kanwa, kuma idan numfashinta na sarƙewa ko ƙafarta ta kumbura, a kai ta a duba.

Babban abin da muke gudu shi ne shanyewar ɓarin jiki. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya gano cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo ta. Idan bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu da ƙafar ɓangare ɗaya suka saki, ko maganarsa ta harɗe, jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Na san za a ce iska ce ta taɓa shi, ko jifa aka yi masa. A yi addu'a, amma a yi ta cikin mota a kan hanyar babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, domin awannin farko su ne masu tsada. A kwantar da shi a gefensa, a lura da lokacin da abin ya fara don a gaya wa likita. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, saboda maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoto, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin, kada kuma a tara masa ƙwayoyin hawan jini don a sauke shi da gaggawa. Haka ma wanda awonsa ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ko ruɗewa, asibiti nan take. Bayan an sallamo mara lafiya, a riƙa kai shi wurin masu gashi da motsa gaɓɓai, a ci gaba da maganinsa ba fashi don kada shanyewar ta sake dawowa, sannan 'ya'yansa da ƙannensa da suka yi jinya a auna nasu jinin su ma kafin su bar harabar asibitin.